Cire Mahaifa ta Hanyar Tiyatar Ciki da Jinyar da Ke Biye da Shi

Daga cikin ayyukan da likitocin mata ke yi a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wadda marasa lafiya ke nufa daga Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye, babu wanda ke girgiza zuciyar iyali kamar a ce za a cire wa mace mahaifa, domin a wurinmu haihuwa ita ce adon aure. Amma haƙiƙa likita ba ya kaiwa ga wannan hukunci sai lalura ta tilasta: ko ƙari ya yi girma har jini ya ƙi tsayawa, ko sankara ta kama bakin mahaifa, ko kuwa, abin da ya fi ban tausayi a karkararmu, mace ta kwana biyu tana doguwar naƙuda a ɗaki har mahaifar ta fashe, a kawo ta rai a hannun Allah. A irin wannan hali jinkirin maigida wajen sa hannu kan takardar izini yana iya zama ajalin uwar 'ya'yansa, alhali kuwa fuƙaha'u sun sanya kiyaye rai a cikin manyan manufofin Shari'a.

Aikin kansa ba sabo ba ne, don tun a 1843 wani likita mai suna Charles Clay ya jarraba shi a Manchester ta Ingila, matar kuwa ba ta rayu ba; yau da yake akwai allurar barci da ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, galibi awa ɗaya zuwa biyu ya ishe shi. Ana tsaga mara a kwance, ko a tsaye daga ƙasan cibiya, a ɗaure jijiyoyin jini, a fid da mahaifa, a ɗinke. Haila ta yanke ke nan har abada, amma idan an bar mata ƙwayayenta, jikinta zai ci gaba da tafiya bisa ɗabi'arsa, kuma babu abin da zai hana zaman aure bayan an warke.

Inda na fi jin tsoro shi ne gida. Bayan 'yan kwanaki a gadon asibiti, inda ma'aikatan jinya ke tayar da ita ta taka tun washegari don kada jini ya daskare a ƙafa, sai a sallame ta ta koma ta tarar da turmi da guga suna jiranta. Ɗinkin fata yakan haɗe da wuri, na ciki kuwa sai mako shida zuwa takwas, saboda haka wajibi ne miji da dangi su ɗauke mata daka da jan ruwa da ɗaukar itace, a kuma dakata da kwanciyar aure har likita ya yi izini. Salla ma Shari'a ta yi mata rangwame ta yi a zaune idan tsayuwa ta gagara. In zazzaɓi ya taso, ko miki ya fara ruwa, ko jini ya ɓalle, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa, to a nemi mota a mai da ita asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.