Uwargida, Ki Saurari Fankar Kafin Ki Biya Kuɗin Kwamfuta

Yau za mu ɗan bar zancen girki da ɗinki, mu taɓa wani kaya da ya shigo mana ɗaka babu sallama, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kan kwamfuta, iyaye suka gane abin ya wuce na 'yan birni kaɗai. A Ɗanbatta kuwa ga Kwalejin Noma ta Audu Bako, ga makarantar koyon ungozoma, da wuya yarinya ta kai shekarar ƙarshe ba ta zo ta ce, "Umma, an ce kowa ya buga aikinsa a kwamfuta" ba. Sau da yawa kuɗin daga hannunki zai fito, ko kwasar adashe, ko tunkiyar da kika daɗe kina kiwo a kai ta kasuwa ran Lahadi. Kuɗin da aka sha wuyarsa haka ai sai a yi masa hankali.

In an je Kano, ko Titin Beirut ko Farm Centre, abin da mai shago zai fara gaya miki shi ne, "Hajiya, wannan i7 ce, ta fi i5 gudu." Bai yi ƙarya ba, amma bai gama maganar ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu wanda bai fi faɗin akwatin ashana ba, shi ne ƙwaƙwalwarta, kuma duk lantarkin da ya sha zafi yake komawa. Kin dai san murhu: in kika cika masa itace tuwo zai dahu da wuri, amma madafar ba ta zaunuwa. To haka ƙwaƙwalwa mai gudu take, shi ya sa aka sa mata 'yar fanka a ciki tana yi mata fifita. Iyakar zafinta, iyakar kukan fankar.

Saboda haka ki sa yarinya ta duba lambar ƙwaƙwalwar, musamman harafin da ke ƙarshe. A na kamfanin Intel, mai harafin U wajen wat 15 take ci, mai harafin H kuwa wajen wat 45, kin ga ninki uku ke nan. Wannan harafi ya fi i5 ko i7 ɗin da ake ta yi miki talla nuna zafin da za ku sha. Abin takaicin ma, da zarar ƙwaƙwalwar ta doshi digiri 100 sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Yanzu ki tuna da watan Afrilu a Ɗanbatta, lokacin da zafi kan kai digiri 40, ga ɗaki mai rufin kwano, iskar da fankar za ta jawo ita kanta mai ɗumi ce. Sai ki ga kin biya kuɗin doki, tafiyar jaki kike samu, ga ƙara kamar injin markaɗe tsakar dare, yarinya na karatu ƙannenta na juyi a kan tabarma.

Ga kuma maganar wuta. Mai zafin nan ita ce mai saurin shanye batir, kuma zafi na tsofar da batir da wuri. Cajar mai U wat 45 ce ko 65, ta mai H kuwa takan haura 100. Gidan da ke lallaɓa ɗan sola ko biyan kuɗin caji a shago ya san bambancin.

A ganina, wadda aikinta rubutu ne da karatu da duba intanet, i5 mai harafin U ta ishe ta har ta gama makaranta. Mai H ta masu haɗa fim ce da masu zanen gini. In akwai rarar kuɗi, a sa shi a kan ma'ajiya irin ta SSD da RAM mai gig 8, nan ne za a ji sauri ba tare da ƙarin zafi ba. Sai dai kada garin neman araha a ɗauko tsohuwa tukuf, gama kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana son ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Akwai ma marasa fanka sam, kamar MacBook Air da Apple ya fitar a ƙarshen 2020, amma wannan sai mai hannu da shuni.

Yawancin waɗanda muke saya na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su zo. Don haka kada ki ji nauyin mai shago. A kunna ta, a sa bidiyo ya yi kamar minti 15, ki kara kunne, ki kuma shafa ƙasanta. In tun ba a sa ta wani aiki ba fankar ta fara ihu, ko ta yi ƙara kamar tana gogar wani abu, ki ce a kawo wata.

In ta zo gida kuwa, babbar abokiyar gabarta katifa ce. 'Yan matanmu sun fi son su kwanta su ɗora ta a kan gado ko matashi, alhali ta ƙasa take shaƙar iska, da an toshe kafofin shi ke nan. A ɗora ta a kan tebur ko kujera 'yar tsugunno, a ɗan tokare bayanta da littafi don iska ta ratsa. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, a kuma kai wa mai gyara ya busa ƙurar fankar ko sau ɗaya a shekara. Ki kuma hana yarinya ɗora ta a cinya ta daɗe, don zafin yakan bar tabo a fata, irin wanda kike gani a ƙafar tsofaffin da ke yawan jin ɗumin kasko.