Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa Rediyon Kaduna da manoman rani na Kura da Bunkure ke kamawa a gona, asalinsa kamfani ne? Sunansa BCNN. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa shi tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila, ya soma watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin a 1962. A wannan gida Usman Baba Pategi ya fito da wasan Samanja Mazan Fama. Dokar soja ta 1977 ta miƙa talabijin ɗin ga NTA, a 1978 kuma rediyon ya koma hannun FRCN. Nan tarihin kamfanin ya ƙare.