FOLISH DABAM, KAKI DABAM: JAN KUNNE GA MASU MOTA

Jama'a 'yan kasuwa, yau za mu ɗan jingine maganar farashin gero da dawa, mu taɓo wata mas'ala da ke cin kuɗin mutane a ɓoye, watau fentin mota. Kada wani ya ce wannan zancen 'yan gayu ne. Mota jari ce, daidai da buhunan da ke jibge a sito. Ran da ka tashi sayar da ita, kafin mai saye ya ce a buɗe masa inji sai ya zagaya ta sau biyu yana shafa jikinta, kana dillali ya jefo tambayar nan da kowa ya sani: fes bodi ce ko an sake fenti? Amsar da za ka bayar ita ce za ta ɗaga kuɗin ko ta kayar da shi.

Abin da ya sa mu ka ɗauko zancen shi ne, a wuraren wankin mota an haɗe abu biyu an ba su suna ɗaya. Ka ce a sa wa motarka kaki, yaro ya ce to, folish ke nan. Ka ce a yi mata folish, ya ɗauko gwangwanin da hannunsa ya fara kaiwa. Alhali kuwa aikinsu kishiyar juna ne. Folish ragewa ya ke yi, kaki kuwa ƙarawa.

Sai an san yadda fentin ya ke kafin a gane wannan. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kamfani a kan tsoma gangar jikin motar ɗungum cikin wani kwatarniya na maganin tsatsa, a sa wutar lantarki ta manna shi a ƙarfen. Sa'an nan a fesa shimfiɗa, sa'an nan launi, sa'an nan a rufe da wata riga garai-garai kamar ruwa, wadda ba ta da launi ko kaɗan. Ita ce rigar sama, ita ke ba da ƙyalli, ita ke tare zafin rana kada ya cinye launin. Daga nan a gasa motar a tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 140. Wannan gashin shi ne abin da mai fenti na bakin titi ba zai iya ba, kome gwanintarsa, gama motar da ta riga ta sami waya da roba da kujeru ba ta shiga irin wannan wuta. Dalilin darajar fentin kamfani ke nan.

To, duka hawan nan in an haɗa, kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1000 na milimita. Takardar rubutu guda ta kai wajen maikiron 100. Rigar sama ita kaɗai tsakanin 35 ne da 50, watau ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ka ji iyakar abin da ke tsakanin launin motarka da ranar watan Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa.

Folish, a taƙaice, surfe ne. Akwai wani gari mai laushin gaske a cikinsa, mai kaifi, wanda ke kankare saman fenti har ya sauko daidai da gindin ƙananan zane-zanen da ke jiki. In wuri ya baje sai haske ya dawo sosai, ido ya ga ƙyalli. Zanen ba cikewa ya yi ba, abin da ke kewaye da shi a ka rage. Duk wanda ya taɓa kai shinkafa inji ya san wannan lissafi: kowane zagaye ta ƙara fari, kowane zagaye kuma mudu ya ragu, dusar da ta fita ba ta komawa. Folish mai laushi ya kan ɗebe maikiron biyu ko uku. Mai kaushi, wanda masu fenti ke kira kamfawun, in an haɗa shi da injin gugar nan mai juyawa, ya kan ci ninkin haka ko fiye. Masana aikin su kan ja kunne kada a ci fiye da kamar rubu'in rigar sama a duk tsawon ran motar. Yanzu kai ka auna, mutumin da ke kai motarsa a yi mata folish da inji kowane wata, shekara nawa zai kai?

Alamar ta ƙare kuwa ba ta ɓuya. Rufin mota da bonet su fara yin fari-fari kamar an barbaɗa toka, bayan 'yan watanni rigar ta soma ɗagowa tana saɓa kamar maciji. In an kai nan, babu folish babu kaki da zai yi magani, sai sabon fenti, fes bodi kuma ta tafi. Gefen ƙofa da kan kusurwoyi su ne ke fara ƙonewa a hannun mai inji, don fenti ya fi sirantaka a nan.

Ba mu ce folish haramun ba ne. Yana da ranarsa. Motar da ta dushe, ko wadda ta cika da zanen nan mai kama da saƙar gizo da a ke gani in rana ta haska, folish ne maganinta, sau ɗaya, a hannun wanda ya iya. Amma ka fara gwadawa da farce. Ja farcenka a kan zanen. In ya wuce sumul, folish zai ɗauke shi. In farcen ya maƙale, zanen ya yi zurfi, wanda duk ya ce zai goge maka shi to rigar zai cinye.

Akwai dalilin da ya sa tsofaffin direbobi su ka saba da yawan folish, kuma a zamaninsu ba su yi kuskure ba. Kafin rigar sama ta game duniya a shekarun 1980, galibin motoci fentinsu hawa ɗaya ne a kan shimfiɗa, launi da ƙyalli a cakuɗe. Haka yawancin Fijo 504 da 404 na farko su ke, irin waɗanda a ka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Irin wannan fenti in rana ta dake shi sai samansa ya mutu ya zama kamar alli, musamman ja. Ka sa folish ka kwashe mataccen, sabon launi ya fito daga ƙasa, tsumma ya rine jawur. Hannu ya saba da wannan, mota kuwa ta canza. In kana shakkar irin fentin da ke jikin taka, ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle ka murza a wani lungu. Ƙyalle ya ɗauko launi, fentin hawa ɗaya ne. Ya fito fari, akwai rigar sama. In kuwa motar zamani ce mai rigar sama, ka ga launi a ƙyalle, tsaya nan, an riga an huda.

Kaki shi kuma tamfol ne. Ba ya gyara abin da ya ɓaci, rufewa ya ke yi don abin da zai zo ya same shi maimakon fenti. Mafi shahara sunansa karnuba, daga ganyen wani icce dangin giginya a ke samunsa, a arewa maso gabashin Barazil, jihohin Piauí da Ceará. Da rani su ke sare ganyen su shanya, su kakkaɓe garin da ke kansa su narkar. Fifikonsa a kan kakin zuma shi ne jure zafi: na zuma ya kan narke a wajen digiri 63, karnuba sai an wuce 80. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, domin baƙar mota da ke tsaye a rana jikinta ya kan kai digiri 70. Sai dai shi kaɗai tauri gare shi kamar dutse, ba ya shafuwa, dole a sassauta shi da mai da wasu sinadarai. Saboda haka in ka ga gwangwani an rubuta karnuba ɗari bisa ɗari, nufinsu kakin da ke ciki, ba dukan abin da ke gwangwanin ba.

Abin da ke zama a jikin mota bayan an goge bai kai maikiron guda ba. Don haka kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba ya tare tsakuwa, ba ya tare makulli ko ƙahon sa. Fa'idarsa, ruwa ya dunƙule ya gangare, ƙura ba ta kamawa da ƙarfi, kashin tsuntsu da ƙaron itace su sami abin da za su fara ci kafin su kai ga fenti. Kuma yana ƙarewa. A ƙasashen sanyi su kan ba shi wata biyu zuwa uku, a zafinmu kuwa kada ka sa rai da haka. Gwajinsa mai sauƙi ne: watsa ruwa a bonet, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya da sauran kaki, in ya shimfiɗe ya kwanta to lokaci ya yi. Akwai na haɗin kamfani wanda ba daga itace ba, ya fi karnuba daɗewa, ya kan kai wata shida, mu a ganinmu shi ya fi dacewa da motar da ke yini a rana bakin kasuwa. Akwai kuma wanda a ke kira siramik, da ya yaɗu daga wajen 2010, mai shekara biyu ko fiye. Tsada gare shi, kuma sai an yi folish tukuna a ke sa shi, ga jabu ya yi yawa.

Hattara da gwangwanin da a ka ce yana wankewa yana kuma sa kaki a tashi ɗaya. Akwai garin folish a ciki. Ba laifi jifa-jifa, amma wanda ya mai da shi na kowane mako surfe ya ke yi bai sani ba.

Tsarin aikin kuwa, wanki tukuna, folish in akwai bukata, kaki daga ƙarshe. A inuwa, jikin mota da sanyi, a shafa siriri, a bari ya yi hazo, a goge da tawul mai laushi. Lafta shi da yawa ba ya ƙara kome sai wahalar gogewa. Wanda ya sa kaki a kan datti kamar wanda ya ɗure wake mai ƙwari ne a sabon buhu.

Yanzu ga inda mu ke so a tsaya a saurara, gama nan ne ɓarnar ta fi yawa. Zanen da ke kai mutum ga mai folish, mafi yawansa ba a hanya a ke samo shi ba, a ƙofar gida ne. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, tana gauraye da ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, gilashi ma yana zana shi. Da safe maigida ya ce a share mota, yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da ƙarfinsa. Wannan da samfefa duk ɗaya ne. Wallahi gara motar ta yini da ƙurarta. In ruwa ya samu, a fara kwarara shi ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, daga rufi a gangaro, taya da gindin mota su zo ƙarshe da nasu tsumman dabam. Soson da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi.

Omo da sabulun wanke-wanke an yi su ne don su cire maiƙo, kaki kuwa ɗan'uwan maiƙo ne, wanki kaɗan sun tafi da shi. A nemi sabulun mota. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai kanwa-kanwa in ya bushe a rana ya kan bar tabo zagaye-zagaye, shi ya sa a ke tsane mota da tawul ba a bar wa rana ba. Inuwar darbejiya daɗi gare ta, amma duba sama tukuna, in matattarar tsuntsaye ce ko jemagu to kashinsu na iya cin fenti cikin yini guda na zafi. Jiƙa shi da ruwa ya yi laushi a ɗauke, kada a kankare. Rufe mota mai ƙura da tamfol shi ma ɓarna ne, iska na kaɗa shi yana gurza. Masu shafa gas a jikin babbar mota don ta yi sheƙi, ƙura su ke gayyata. Man birki kuwa ko ɗigo kada ya zauna a fenti, ci ya ke yi. Masu a-kori-kura da ke ɗaukar takin zamani ko gishiri, a wanke bayan motar ran da a ka sauke, don duk inda fenti ya ɗan fashe nan tsatsa za ta kama.

Saura mai saye. Akwai wani man da a ke shafawa wanda ba folish ba ne ba kuma kaki ba, cike zane kawai ya ke yi da maiƙo, mota ta fito kamar amarya, bayan wanki biyu ko uku kome ya dawo. Mu 'yan hatsi mun san irinsa, mai kyau a bakin buhu, tsakuwa a gindi. Wanda ya yi haka don ya ɓoye aibi algus ya yi, ko a Dawanau ko a filin sayar da motoci. Kada ka duba mota da magariba, ko a ƙarƙashin fitila, ko tana jiƙe. Ka sa a wanke ta da sabulu a gabanka, ta bushe, a fito da ita rana. Tsuguna ka hangi gefenta daga gaba zuwa baya, in ƙofa ɗaya launinta ko lafiyar fatarta ta saɓa da 'yar'uwarta, an taɓa ta. Ɗaga robar gilashi ka duba ko akwai feshin fenti a kanta. Akwai 'yar na'ura ta auna kaurin fenti, inda ta nuna 300 ko fiye alhali sauran jiki na wajen 120, an sake fesawa. In babu na'ura, ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle ya isa: inda a ka cika fila mai kauri ba zai kama sosai ba. Sai dai a tuna bamba roba ce, wasu motocin kuma bonet ɗinsu na alminiyam ne, a nan maganaɗisu ba ya kamawa ko da ba a taɓa yi musu aiki ba.