Kowane Ruwa da Ranar Shigarsa: Jiran Buɗe Su a Ƙasar Kurfai



Damana ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busawa. A wannan lokaci in ka bi hanya daga Balleyara zuwa Bonkuku, ka wuce Filinge har Tukunus, za ka ga ruwan da damana ta bari kwance cikin fadamu da tabkuna. Inda akwai kifi, za ka ga samari tsaye bakin ruwa, sun ƙosa su shiga. Dattawa kuwa suna cewa a dakata, lokaci bai yi ba. To wa ke da gaskiya? Kafin mu amsa, bari mu kai ku wata ƙasa mai nisa, inda su ma masunta suke zaman jira kamar mu.

MASU TAFIYA BISA RUWA

Mu ƙanƙara biyu muka sani: wadda ke zubowa daga sama ta ɓata shuka, da wadda ake sayarwa a kasuwa lokacin azumi. Amma a ƙasashen arewacin duniya, kamar Kanada da Rasha da Finlan, sanyi kan yi tsanani har fuskar tabki duka ta daskare ta zama kamar daɓe. Ruwa daga sama yake fara daskarewa. A ƙasa yana nan ruwa, kifi na yawo a ciki da ransa. Sai masunci ya taka bisa ƙanƙarar, ya huda rami, ya zura ƙugiya, ya zauna.

Sai dai ba ranar da tabki ya daskare ake hawansa ba. Hukumomin can sun ce sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 10, wato kusan tsawon yatsan babban mutum, kafin mutum ya taka da ƙafa. Ƙaramar mota kuwa sai ya kai wajen santimita 30. Ƙanƙara garau mai haske ta fi ƙarfi. Fara mai kama da gari ba ta kai ta ba, sai kaurinta ya ninka. Kuma ba ko'ina kaurin yake daidai ba. Inda ruwa ke gudu a ƙasa, ƙanƙarar ba ta da ƙwari. Don haka masunci mai hankali yakan yi ta hudawa yana aunawa, taki bayan taki. Kowace shekara ana samun masu gaggawa da ƙanƙara ke fashewa da su. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, cikin ɗan lokaci hannuwansa ke sandarewa ya kasa kama komai.

A ƙasar Sin akwai tabkin Cagan. Can sai wajen ƙarshen Disamba ake bukin buɗe su. Suna zura doguwar raga ƙarƙashin ƙanƙara, dawakai ne ke juya itacen da ke jawo ta. Ba wanda ke riga jama'a.

Su suna jiran ruwa ya daskare. Mu muna jiran ruwa ya ja baya, kifi ya girma. Jiran dai ɗaya ne.

RUWANMU NA ƘASAR KURFAI

Filinge tana wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin kwarin Dallol Boso. Wannan kwari tsohuwar hanyar kogi ce da ta taso daga Azawak ta gangara har kogin Kwara. Kogin ya ƙafe tun zamanin da, amma ruwansa na ƙarƙashin ƙasa yana nan, shi ya sa rijiyoyin kwari ba su kai na tudu zurfi ba. A shekarar 2004 aka sa wani yanki na Dallol Boso cikin jerin fadamu masu daraja na duniya.

Ruwan sama a nan kaɗan ne, a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 400 ba. Rana da iska kuwa suna iya shanye fiye da mita 2 na ruwan da ke fili cikin shekara guda. Ke nan yawancin tabkunanmu baƙi ne. Wani ya yi wata 2 ya tafi, wani ya kai tsakiyar ɗari, kaɗan ne ke ganin bazara. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar ko da kwatarniya guda ta ruwa.

A ƙasarmu Nijar, ma'aikatan daji da ruwa sun daɗe suna zuba 'ya'yan kifi cikin tabkunan da ke daɗewa. Mutanen Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, da na Madarunfa a jihar Maraɗi, suna cin kifi suna sayarwa, alhali ba su kusa da kogi. Duk garin da ke da tabki mai ɗaukar watanni yana iya neman wannan taimako. Amma zuba kifi abu ne mai sauƙi. Haƙurin barinsa ya girma shi ne aiki.

ME YA SA AKE JIRA?

Dalili na farko: rai. Bayan damana tabki cike yake, ba a ganin ƙasansa. Akwai ramun da aka haƙi ƙasar tubali da rani, ruwa ya rufe su. Akwai taɓo mai riƙe ƙafa. Akwai ciyawa da saiwoyi masu naɗe mutum. Mu ba mutanen kogi ba ne, yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Yaro na tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya sai ya nutse. Ramin tubali a wurinmu shi ne ƙanƙara marar kauri a wurinsu.

Dalili na biyu: kifi bai gama haihuwa da girma ba. Tarwaɗa da damana take zuba ƙwai cikin ciyawar da ruwa ya malale. Karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, uwar ce ke ɗauke da ƙwai cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da riƙe 'ya'yan, duka kusan mako 2, ba ta ko cin abinci. Wanda ya kama irin wannan uwa ya kashe ɗaruruwa a hannu ɗaya. 'Ya'yan karfasa na bukatar wata 5 zuwa 6 kafin su zama abin kai wa kasuwa. In sanyi ya yi yawa ma girmansu kan ragu.

Ga lissafi don misali, ku gwada shi a allo. A ce ka kama ƙananan kifi 100, kowane giram 30. Duka kilo 3 ke nan. A ce kuma ka bar su har kowane ya kai giram 200. Ko da tsuntsaye da manyan kifaye sun cinye 30, saura 70. To 70 sau 200 giram 14.000 ne, wato kilo 14. Kilo 3 ina, kilo 14 ina? Ba manomin da ke yanke hatsi yana ɗanye don ya riga maƙwabcinsa.

Dalili na uku: ruwan ba na masunta kaɗai ba ne. Shanu da awaki da raƙuma a nan suke sha. Masu garka a nan suke ɗiba. In kullum ana dama shi da ƙafa da raga, sai ya koma kunun laka, bisashe su ƙi sha. Daga nan rigima ke tashi. Yadda ake tsai da ranar sakin gonaki don makiyayi da manomi su zauna lafiya, haka ya kamata a tsai da ranar shiga ruwa.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A ƙasar Kabi, garin Argungu, ana hana su a Matan Fada har sai ranar buki. Sarkin Ruwa ne ke kula da wurin. Bukin kamar yadda aka san shi yau ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. In an ba da alama, dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da homa da gora. A 2005 an fito da kifi mai kilo 75. Da ana shiga kullum, ina zai kai haka? A ƙasar Mali ma, mutanen garin San suna da tabkin Sanke, wanda jama'a ke haɗuwa su yi su a cikinsa sau ɗaya a shekara.

JIRA MA YANA DA IYAKA

Masu ƙanƙara suna tsoron farkon sanyi, suna kuma tsoron ƙarshensa, lokacin da ta fara narkewa. Mu ma haka ne. In aka wuce lokaci, ruwa ya ragu ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa sai ta ƙare. Alamar ita ce ka ga kifi da asuba sun taso sama suna buɗe baki. Karfasa ce ke fara mutuwa. Tarwaɗa takan jure, don tana iya shaƙar iskar waje. Gaiwa kuwa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har wata damana. In an ga wannan alama, kada a ƙara mako, a buɗe su.

To yaya za a san lokaci? Da awo, ba da gardama ba. A sami sanda mai ƙwari, a yi mata zane kowane santimita 10, a kafa ta cikin tabki inda ake iya hange daga baki. Kowace Juma'a wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya duba ya rubuta a littafi. Misali, in ruwa yana kan 120, bayan mako 4 ya koma 100, to yana raguwa 5 kowane mako. Ku tuna da bazara raguwar ta fi sauri, takan kai santimita guda a yini. In aka yi haka shekara 2 ko 3, gari zai san halin tabkinsa kamar yadda makiyayi ya san halin saniyarsa.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a zuba guba ko maganin ƙwari cikin ruwa. Yana kashe babba da ƙarami, ya cuci bisashe, ya cuci wanda ya ci kifin. Dokar su da aka kafa ranar 7 ga Disamba 1998 ta hana kamun kifi da guba da nakiya, kuma har yau haramun ne.

Kada a yi su da sange. An raba shi ne don ya tsare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro. In ya shiga ruwa yana kwashe har ƙwai, yaro kuma ya kwana a fili. Hasara biyu ke nan. Masunta da yatsa suke auna idon raga. Ku tambayi ma'aikacin daji da ruwa irin idon da doka ta yarda da shi.

Kada a yi fitsari ko bayan gida cikin tabki ko bakinsa. Ta nan tsargiya ke yaɗuwa. Ƙwayar cutar na girma cikin ƙananan dodon koɗi, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwa. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi likita, akwai magani. Kurkunu ma ta ruwan tabki yake kama mutane a da. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar. Abin da jama'a suka haɗa kai a kansa yana yiwuwa.

AIKIN LOKACIN JIRA

Jira ba zaman banza ba ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Maigari ya tara jama'a: manoma, makiyaya, masu garka, mata da samari. A zaɓi 'yan kwamiti da mai tsaron ruwa da mai riƙe littafi. A keɓe mashayar bisashe. A kafa itace a bakin kowane rami da aka sani, don a gane shi. A ɗinke raga, a gyara wurin banda, a tanadi gishiri, don kifin da ya yi yawa kada ya ruɓe. A yarda tun yanzu nawa za a ware daga kuɗin kifi don sayen 'ya'yan kifi na baɗi. A tudun da ke kewaye kuma a yi rabin wata da jeren duwatsu, a bar itatuwa, don kada rairayi ya cike tabkin.

In ranar ta zo, a sanar da ƙauyuka da rugage na kusa. A shiga da rana, ba da dare ba. Kada kowa ya shiga shi kaɗai. A ajiye doguwar igiya da gora a baki. Ƙananan yara su tsaya wajen iyayensu mata. In tabkin mai kaiwa wata damana ne, a mayar da ƙananan kifi da masu ƙwai, su ne irin baɗi.

To jama'a, kun ji dattawa ke da gaskiya, amma gaskiyarsu sai ta haɗu da sandar awo da littafi. Mutumin Kanada ba ya taka ƙanƙara sai ya auna. Mu ma kada mu shiga ruwa sai mun auna, mun kuma yi shawara. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Garin da ya gwada sandar awo ya rubuto mana abin da ya gani, mu buga don wasu su amfana.

Allah ya tsare mana yaranmu da bisashenmu, ya kai mu damana lafiya. Amin.