Yaran Rinkeby da Baƙonsu na Disamba

A watan Disamba, rana ba ta leƙo birnin Stockholm sai ƙarfe tara na safe ta kusa, kafin uku na yamma kuma ta faɗi. Cikin wannan duhu da sanyi Suwidin ke yin makon Nobel. Ranar 10 ga wata, ranar da Alfred Nobel ya rasu a 1896, Sarki Carl Gustaf na 16 kan miƙa wa gwanayen kimiyya, likitanci, adabi da tattalin arziki lambar zinariya da takardar shaida. Da dare mutum wajen 1,300 su zauna walima a babban zauren majalisar birni. Furannin ado daga San Remo ta Italiya ake kawo su, garin da Nobel ya cika. Abin da za a ci kuwa sirri ne sai an zauna. Gidan talabijin ya yi ta haskawa sa'o'i, na gida suna ta gardama kan rigar sarauniya.

Wanda ya zo da tambayar me yaran makaranta ke tsinta a wannan biki, sai a nuna masa jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin shuɗi. Minti ashirin ne zuwa Rinkeby.

Unguwa ce ta dogayen gidajen siminti, cikin gidaje miliyan ɗaya da gwamnati ta sa aka gina daga 1965 zuwa 1974. Yau kusan duk wanda ka tare a dandalinta, ko shi ko iyayensa daga wata ƙasa suka zo: Somaliya, Iraƙi, Siriya, Turkiyya, Iritiriya. Akwai mahauta masu naman halal, akwai shagunan aika kuɗi gida. 

Aikin da yaran unguwar ke yi kan lambar adabi yakan fara ne wata ranar Alhamis a watan Oktoba, da ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da sakataren majalisar adabi ta Suwidin, mai kujeru 18, zai buɗe ƙofa ya faɗi sunan wanda ya ci lambar adabi. Daga wannan sa'a malaman makarantun Rinkeby da maƙwabciyarta Tensta suna da wata biyu kacal. Sai an nemo littattafan mutumin, a tsamo abin da ɗan shekara goma sha huɗu zai iya ɗauka, a karanta a aji, a tattauna. Yara su zana hoton marubucin, su rubuta tarihin Nobel, yadda ya yi arziki da nakiya ya kuma bar dukiyarsa wasiyya, su rubuta nasu labarai da waƙoƙi. A ƙarshe a haɗa duka cikin ɗan littafi. Shi za a miƙa wa marubucin hannu da hannu in ya zo ɗakin karatu na unguwar bayan walimar.

Tun 1988 ake haka, shekarar da Najib Mahfuz na Masar ya zama marubucin Larabci na farko da ya ci lambar. Wole Soyinka na Najeriya, wanda ya ci a 1986, bai riski al'adar ba.

Ba kowace shekara aikin ke zuwa da sauƙi ba. Majalisar ba ta zaɓe don yara. A 2024 Han Kang ta Koriya ta Kudu ce ta ci, kuma cikin fitattun littattafanta akwai wanda ya tsaya kan kisan da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a birnin Gwangju a 1980. A wata makarantar wannan tarihin nesa ne. A nan, malama tana karantawa ne gaban yaran da iyayensu suka baro Mogadishu ko Halab da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. Dole ta auna kowane shafi, ta san inda za ta tsaya, ta kuma lura da yaron da ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Sau da yawa irin wannan yaron ne ke dawowa da rubutu mafi tsawo, domin ya je gida ya yi tambayar da bai taɓa yi ba, an kuma ba shi amsa.

Wani lokacin kuma a gama shiri baƙon bai zo ba. Doris Lessing ba ta iya tafiya Stockholm ba a 2007 saboda rashin lafiya, Bob Dylan bai halarci bikin 2016 ba, annobar korona ta hana taro a 2020. Littafin dai ba ya fasuwa.

Amma damuwar da ta fi daɗewa a unguwar tana wajen iyaye, kuma ba ta da alaƙa da adabi. Irin mahaifin da ke raka 'yarsa makaranta cikin duhun safiya, a ƙasarsu malamin lissafi ne ko ma'aikacin asibiti, a nan direban bas ne ko na tasi, don takardunsa sun ƙi karɓuwa sai ya sake karatu cikin harshen da ya koya da girma. Ya haƙura da nasa. Abin da ke hana shi barci shi ne na 'yar. A nan aka haife ta, Suwidanci take mafarki da shi, amma binciken masana a ƙasar ya sha nuna cewa takardar neman aiki mai ɗauke da sunan Larabci ba a cika kiran mai ita ganawa ba kamar mai sunan 'yan ƙasa. Ga kuma adireshi. Rinkeby ta daɗe cikin jerin unguwannin da hukuma ta ayyana a matsayin mafiya rauni ta fuskar tsaro, kuma 'yan jarida ba su cika zuwa ba sai an ƙona mota ko an yi harbi. Yaro yakan koyi ambaton sunan birni kawai in an tambaye shi inda yake zaune.

Shi ya sa ranar ziyarar ke da nauyi. Kyamarorin da suka saba zuwa neman hayaƙi su ne ke jere a bayan ɗaki. Yaran su fito ɗaya bayan ɗaya suna gaishe da baƙon, kowa da harshen gidansu, Somaliyanci, Larabci, Turkanci, Kurdanci, Farisanci, har mai ƙirge ya gaji. Dokar ƙasar ta ba ɗalibi damar koyon harshen uwarsa a makaranta, yau kuma ga ranarta. Sai a rage fitilu, ayarin Lusiya ya shigo, al'adar Suwidin ta 13 ga Disamba: 'yan mata cikin fararen riguna, wasu da hijabinsu, ta gaba da kambin kyandir a ka. Mutumin da aka ba lambar da kuɗinta ya kai kurona miliyan 11 a 2024, wanda ya kwana yana cin abinci kusa da iyalan sarki, yana zaune a kujerar ɗakin karatu yana sauraron yarinya tana karanta masa abin da ta fahimta daga littafinsa, takarda na rawa a hannunta.

Cikin duk shagulgulan makon, wannan ne kaɗai aka shafe wata biyu ana karatu kafin a yi shi, kuma don haka ya cancanci a ƙara ba shi fili. Sai dai kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Yaran da suka fara aikin a 1988 yanzu sun doshi hamsin ko sun haura, kuma a jerin unguwanni mafiya rauni da aka fitar a 2023 sunan unguwarsu yana nan.