Kafin a danna kalkuleta, a fara kintata kuɗin a ka

Duk wanda ya zaga kasuwar Arzeke ta Parakou, ko ya zauna a rumfunan Zongon Djougou, zai ga kusan kowane ɗan kasuwa da waya a hannu yana danne-danne. Lissafin da fatake suka riƙa yi a ka, tun zamanin da ayarin goro ke yada zango a Djougou kan hanyarsa daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, yanzu an bar wa na'ura. Ita kuwa na'ura abin da yatsa ya ba ta shi take mayarwa, ko daidai ko kuskure.

Abin ya fi ƙamari a bakin iyaka, inda alama ɗaya ke da ma'ana biyu. A takardun Faransanci waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro a kan 655,957, wato yuro ɗaya kusan sefa 656 ke nan. Amma ɗan'uwanmu da ya tsallako ta Chikanda, in ya ga wannan rubutu, dubu ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai zai karanta, domin a Nijeriya ɗigo ake sa wa ɓurɓushi, waƙafi na dubbai ne (tsarin da za mu bi daga nan ke nan). Ga kuma dala da jaka da muke ciniki da su a baki, alhali da sefa ake rubuta rasit: dala sefa 5, jaka sefa 1,000.

Tsofaffin 'yan kasuwa suna da maganin wannan. A ce mutum ya sayi atamfa turmi 48, kowane sefa 19,750. Kafin ya taɓa waya sai ya cike lambobin a ransa: 50 sau 20,000, miliyan ɗaya. Tunda duka biyun sama ya ɗaga su, ya san kuɗin ba zai kai miliyan ba, kuma ba zai yi nisa da ita ba. Amsar gaskiya 948,000 ce. In waya ta nuna 94,800, sifiri ya faɗi. In rasit ya haura miliyan, a tsaya a sake magana.

Haka yake wajen mai canji, musamman tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 farashi ya daina zama wuri ɗaya. A ce ya yanka sefa ɗaya a kan naira 2.65. Kusan miliyan sau biyu da rabi, a sa ran naira miliyan biyu da rabi; ainihin kuɗin 2,512,200 ne. Ɗigon nan ya gusa gida ɗaya, sai a ga miliyan 25.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kintace ba ya kama ƙaramar cuta. Wanda ya rubuta 958,000 a madadin 948,000 zai wuce salin-alin da jaka goma. Wannan sai an sake dannawa, kuma gara a yi da wayar mai saye, a gaban mai sayarwa, kafin a ɗaure kaya.