Furen Da Ya Ci Sunan Namiji, Mace Ta Sha Wahalarsa

Ko wacce daga cikinku ta san furen nan mai ƙaya da ya kan lulluɓe katangar makarantu da gidajen ma'aikata, wani ja, wani shuɗi-shuɗi, wani fari. Mu dai fulawa mu ke ce masa, amma sunansa bugenbiliya. To, ina ya samo wannan suna mai wuyar faɗi?

Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. Cikin 1766 Sarkin Faransa ya aiki wani hafsa mai suna Bougainville ya kewaye duniya da jiragen ruwa biyu. A cikin ayarin akwai wani masanin tsirrai, Commerson. Da suka sauka Rio de Janeiro a ƙasar Birazil cikin 1767 aka tsinko wannan fure, sai Commerson ya raɗa masa sunan shugaban tafiyar. Watau ma'anar sunan ke nan, furen Bougainville.

Amma ga abin da ya kamata mu mata mu sani. Commerson yana fama da gyambo a ƙafa, don haka yaronsa ne ke ratsa daji yana tattaro tsirrai, yana ɗauke da kaya. Ashe yaron nan mace ce, sunanta Jeanne Baret. Doka ta hana mata shiga jiragen yaƙin Faransa, shi ya sa ta ɗaure ƙirjinta, ta sa tufafin maza. Sai daga baya asirinta ya tonu. Ita ce mace ta farko da aka sani ta kewaye duniya. Cikin 1785 gwamnati ta yanka mata fensho, ta rasu cikin 1807. Sai a 2012 masana suka sa wa wani tsiro sunanta. Kun ji kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani abin mamaki kuma, abin nan mai launi da mu ke sha'awa ganye ne. Ainihin furen 'yan ƙanana ne farare, suna ɓoye a tsakiya. Ku duba ku gani.

Wadda ke son shuka shi ta yanki reshe ta kafa a inda rana ke bugawa, kada ta cika masa ruwa. 'Yan makaranta kuwa, ku riƙe sunan Jeanne Baret, ku dage da karatu, don in kun yi aiki a rubuta shi da sunanku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.